Yadda ake adana tsofaffin mujallun ƙagaggun labaran kimiyya

Da mawallafi Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a Amurka a watan Afrilun 1926, ana sayar da kwafi santi 25, ba a yi ta don ta daɗe ba. Takardarta ta dakakken itace ce mai araha, kuma sinadarin lignin da ke cikinta yana haifar da asid. Shi ke mayar da shafi ruwan ƙasa, har ya riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Ba a iya dawo da ƙarfin takarda, sai dai a rage saurin lalacewarta.

Ku fara da hannu. A wanke, a bushe, kada a sa safar auduga, domin tana kama gefen shafi ta yage shi. A shimfiɗa mujallar a kan tebur, a buɗe ta rabi kawai. An ɗaure shafukan da waya ta gefe sannan aka manna bango da gam, don haka in aka danne ta sai ƙashin bayanta ya tsage. Bangon yawancin irin waɗannan mujallu ya ɗan zarce shafuka, kuma wannan ɗan leɓen ne ke fara gutsurewa.

Kowane kwafi a ba shi rigarsa ta Mylar (wata leda ta musamman da ba ta cutar da takarda), da kwali marar asid a bayansa. A guji ledar PVC, tana fitar da sinadarin da ke cin tawada. A auna kafin a saya: yawanci inci 7 da 10 ne, amma Amazing ta farkon shekaru ta fi haka girma.

Sai wurin ajiya, wanda shi ne rabin aikin. Zafi kada ya wuce digiri 20 na Salshiyas, laima tsakanin kashi 35 da 50 cikin 100. In ta haura 65, fumfuna ta samu gida, wayar ta yi tsatsa, ta bar jan tabo a shafukan da ke kusa. A kwantar da su cikin akwatin kwali, kada tarin ya yi tsayi, nesa da ƙasa da bangon ɗaki.

Haske kuwa shi ne babban magabcin zanen bangon mujalla. Frank R. Paul, mai zanen bangon Amazing na farkon shekaru, yana son shimfiɗa ja ko rawaya mai ƙarfi a bayan jiragen sararin samaniya da manyan injunansa, kuma waɗannan launuka ne rana ke fara shanyewa. Abin takaici ne a ga sararin da ya zana ja wur ya koma fari fat. In ana son ratayawa, a ɗauki hoton bangon da kyamara, a buga, a rataye kwafin.

In shafi ya yage, kada salatif ya kusance shi: gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Masu gyara suna amfani da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, ɗan kaɗan a bakin buroshi, su ɗora nauyi har ya bushe.