Warin baki: inda ake kuskure wajen neman magani

Da zarar an ce wa mutum bakinsa na wari, sai ya ɗora wa cikinsa laifi, ya kama shan maganin olsa ko na tsutsar ciki. Ba kasafai ciki ke da hannu ba, domin hanyar da abinci ke bi zuwa ciki a rufe take, sai lokacin haɗiya ko gyatsa. Kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na warin a cikin bakin yake tashi. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin ragowar abinci da matattun ƙwayoyin fatar baki, suna fitar da iska mai sinadarin sulfa, irin wadda ake ji a ruɓaɓɓen ƙwai.

Babbar maɓoyarsu kuwa can ƙarshen harshe ce, wajen maƙogwaro. A nan ne masu tsafta ma ke yin sake. Mutum zai dirje haƙoran gaba har su yi ƙyalli, ya bar farin datti kwance a kan harshe, sannan ya yi mamakin yadda warin ke dawowa kafin hantsi. Harshe ba sumul yake ba, cike yake da ƙananan ramuka da ke riƙe datti. A goge shi daga ciki zuwa waje, a hankali, da buroshi ko abin kankare harshe. Da farko za a ji kamar amai zai taso, amma ana sabawa. Haka tsakanin haƙora: buroshi ba ya shiga, tsinken sakace kuma manyan guntaye kawai yake cirewa. Zaren tsaftace haƙori ne ke kaiwa wurin. Duk mai shakka ya shinshina zaren bayan ya gama.

Sai masu rufe wari da minti, cingam ko ruwan kurkure baki. Ƙamshin ɗan lokaci ne. In mintin na da sukari, an ma ƙara wa bakteriyar abinci. In ruwan kurkuren na da barasa a ciki, zai iya busar da baki. Yawu shi ne ke wanke baki, shi ya sa ake tashi da wari da safe, bayan ya ragu cikin barci. Ƙarancin shan ruwa, numfashi ta baki, sigari da wasu magunguna duk suna rage shi. Cingam marar sukari yana da amfani ta nan, don yana tsinko yawu.

Tafarnuwa da ɗanyar albasa daban suke. Sinadarinsu na shiga jini ya fito ta huhu, don haka ko an goge baki sai an jira jiki ya gama da shi.

Wani kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne daina goge inda dasashi ke jini. Jinin alama ce ta kumburi saboda dattin da ya taru, barinsa kuma na ƙara ta'azzara shi. A goge sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, da buroshi mai laushi, a canza shi duk wata uku.

Kada mutum ya dogara da hura iska a tafin hannu, hanci ya riga ya saba da warin mai shi. Gara a tambayi wanda ba zai ɓoye gaskiya ba. In an yi makonni ana wannan tsafta warin bai tafi ba, a ga likitan haƙori, ya duba kogon haƙori da ciwon dasashi. In baki lafiya lau ne, sai a bincika hanci da maƙogwaro, da ciwon suga, ƙoda ko hanta.