Zama da Turawan Nairobi: abota da soyayya masu wa'adi

Duk Bahaushen da aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ko na wata ƙungiyar agaji ya kawo shi Nairobi, kafin ya gama gane hanyar gida daga ofis zai tsinci kansa tsamo-tsamo cikin Turawa. A unguwar Gigiri babbar cibiyar Majalisar ta Afirka take. Nan ne mazaunin UNEP, hukumar kula da muhalli da aka kafa a 1972, da UN-Habitat mai kula da matsugunan jama'a, ga kuma ofishin jakadancin Amurka a tsallaken titi. Masu aikin Somaliya da Sudan ta Kudu da sansanonin 'yan gudun hijira na Dadaab da Kakuma, da yawansu a wannan birni suke ajiye kaya da iyali. Da su za ka yi aiki, da su za ka ci abinci, wani lokaci ma har zuciya ta karkata ga ɗaya daga cikinsu.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, kusan kowannensu da wa'adi ya zo. Wani kwangilar shekara ɗaya gare shi, wata biyu, ma'aikatan jakadanci kuwa bayan 'yan shekaru ake ɗaga su zuwa wata ƙasa. Shi ya sa da zarar an gaisa an faɗi suna, tambayar da ke biyo baya ita ce wa kake yi wa aiki, yaushe ka zo, sai yaushe za ka tafi. Kada ka ɗauke ta bin diddigi. Lissafi ne kowa ke yi na tsawon zaman da za a yi tare. Kuma saboda lokacin kaɗan ne, ba sa jan ƙafa. Mutumin da kuka haɗu ranar Litinin, kafin ƙarshen mako ya ba ka labarin rabuwar iyayensa da ciwon damuwar da ya sha fama da shi, abin da a wurinmu sai amini na shekara da shekaru ake buɗe wa. Sabon zuwa sai ya ga ai ya yi ɗan'uwa. Kusancin na gaskiya ne, ba yaudara a ciki, amma baƙo raɓa ne.

Za ka gane haka sosai idan watan Yuni ya kama, lokacin da makarantun 'ya'yansu ke rufe shekara, sanyin Nairobi kuma ya fara shigowa. Zaurukan WhatsApp sai su cika da hotuna: firiji, gadon yara, keke, tukwanen furanni, tsohuwar mota ƙirar Subaru, kowanne da farashinsa a ƙasa, sai a zo a ɗauka kafin ranar kaza. A ƙarƙashi kuma a rubuta cewa akwai mai aiki mai amana da ta iya girki, akwai direba, akwai kare da ke neman gida. Kowane mako da walimar bankwana. A rungumi juna, a yi hawaye, a yi alkawarin ziyara. Zuwa Satumba sababbin fuskoki sun zauna a kujerun. Waɗanda suka daɗe a garin, irin masu shekara goma zuwa sama, za ka ga suna ɗan ja baya da sabon zuwa. Gajiya da rakiya filin jirgi ce ta sa su haka.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi komai ba mutanenmu kunya. Idan Bature ya ce ka zo a ci abincin dare a Westlands ko Lavington, cewa kawai ya yi ka zo. Bai ce zai biya maka ba. Da an kawo takardar kuɗi, wata za ta ja ta gabanta, ta buɗe waya tana tarawa: kai ka ci kifi da ruwan lemo, wancan ya sha kwalba uku. Kowa ya zaro wayarsa ya tura nasa ta M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, zuwa lambar shagon, har da ɗan abin da za a bar wa mai kawo abinci. Kada ranka ya ɓaci, kada kuma girman kai ya sa ka ce a bar maka teburin gaba ɗaya. Ba za a ɗauke ta karamci ba, za a rasa yadda za a yi da kai ne, kuma wata bai ƙare ba aljihunka ya faɗa maka gaskiya. Rance kuwa ka kiyaye shi. Yawancinsu sun zo da fargabar cewa duk ɗan Afirkan da ya matso kusa kuɗi yake nema ko biza, kuma da ka buɗe baki sau ɗaya, an saka ka cikin wannan layi ke nan. Haka neman aiki. Gaskiya ne guraben aiki da yawa a bakin abokai ake fara jin su, amma a bari sai shi ya kawo zancen.

Mu mun san zumunci a ƙafa yake, ka biyo ta unguwa ka yi sallama. A nan ba a yin haka. Gidajen Runda da Karen da Kilimani duk a bayan katanga suke, da mai gadi da littafinsa, sai ya buga waya ciki kafin ya buɗe ƙofa. An ƙara tsaurara tsaro tun bayan harin da aka kai rukunin shagunan Westgate a 2013 da na otal ɗin DusitD2 a 2019. A sa rana, a sa lokaci, in an ce ƙarfe bakwai to bakwai ake nufi. Ka shirya ma ranka cewa wata rana mai gadi zai tsayar da kai yana tambayar wurin wa ka zo, abokinka fari kuwa ya wuce ba a ce masa uffan ba. Yadda abokin ya yi a wannan lokaci, ko ya tsaya ya jira ka ko ya yi gaba abinsa, ya ishe ka sanin irin mutumin da kake tare da shi.

Yawancin taronsu da giya ake yi. Faɗi sau ɗaya, kai tsaye, cewa ba ka sha kuma ba ka cin naman alade, ba sai ka yi wa'azi ba, ba kuma sai ka ƙirƙiro ciwon ciki ba. Sun saba da wanda ba ya cin nama da wanda alkama ke wahalarwa, naka ba zai dame su ba. In zaman mashaya bai kwanta maka ba, akwai wuraren haɗuwa da yawa. Safiyar Asabar rabin Gigiri na dajin Karura suna tattaki, dajin da Wangari Maathai, 'yar Kenya mai fafutukar kare muhalli, ta sha duka wajen kare shi daga masu wawure filaye a ƙarshen shekarun 1990. Akwai hawan tsaunukan Ngong, akwai fita tafkin Naivasha, akwai ƙwallo da yamma. Abin da na ga ya fi ƙulla zumunci kuwa shi ne ka kira su gidanka. Garin ugali, tuwon 'yan Kenya, yana tuwon masara sarai, in ka zo da kuka da daddawa da yaji a jaka to ka gama. Kira su buɗa-baki da azumi, ka ga yadda za su zauna a tabarma suna tambayar sunan kowane abu.

To, ga inda aka fi tuntuɓe. Mace ta gayyace ka shan kofi, ko ta rungume ka a bakin ƙofa, ko ta sumbaci kumatunka, sau biyu in Bafaranshiya ce, sau uku in 'yar Holan ce, duk gaisuwa ce. Ba ta ce tana son ka ba. Wanda ba ya musabaha da mata, ko wadda ba ta miƙa wa maza hannu, a ɗora hannu a ƙirji da fara'a, za a gane. Wanda kuwa ya yi wa fara'a mummunar fassara ya fara tura saƙonnin dare, a wurin aiki wannan cin zarafi ake kiransa, kuma yana raba mutum da aikinsa. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da doka a rubuce da ta haramta wa ma'aikatanta mu'amalar jima'i da wanda bai kai shekara 18 ba, da biyan kuɗi ko ba da aiki ko kayan agaji don biyan buƙata. Bayan tonon asirin lalatar da wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam suka yi a Haiti, wanda ya fito fili a 2018, ƙungiyoyi sun daina wasa da irin wannan ƙorafi.

Ita soyayyar kanta, a tsakaninsu ba lallai ta nufi aure ba. Mutum biyu na iya yin wata shida suna fita tare, kowa bai ce wa kowa komai ba. Suna iya zama gida ɗaya shekaru, har da 'ya'ya, ba a ɗaura ba. Ga kuma masu aiki a Mogadishu da Juba, inda ba a yarda a kai iyali ba, waɗanda ake ba hutun shan iska bayan kowane 'yan makonni. Su sauka Nairobi a gajiye, kaɗaici ya cika su, da kuɗi a hannu, kwana kaɗan su koma. Soyayya da irin wannan mutum tana da zafi da sauri, sau da yawa kuma akwai wata ko wani da ke jira a Janiba ko Landan. Da'irar ƙarama ce ƙwarai. Wanda kika gani yau a Tinder, manhajar neman masoya, gobe shi ne a kujerar da ke fuskantarki a taron ofis, tsohuwar budurwarsa kuma ita ce shugabar sashenku.

Saboda haka, 'yar'uwa, tambaya tun da wuri ba rashin kunya ba ce, su ma sun fi ganin girman mai tambaya. Akwai wata a gida? Yaushe kwangilarka za ta ƙare? In ta ƙare, ina muka dosa? Wanda ya ce a bari a ga abin da hali zai yi, ya riga ya ba ki amsa. In ya ce zai musulunta, madalla, amma a ba abin lokaci a ga ko don Allah ne ko don ke, kuma a sanar da waliyyi tun magana ba ta yi nisa ba.

Kai kuma ɗan'uwa da ka baro uwargida a Kano ko Damagaram, ka faɗi cewa kana da aure tun ranar farko. Ɓoyewa yaudara ce, kuma doka ma ba za ta rufa maka asiri ba. Dokar aure ta Kenya ta 2014 ta amince da aure iri biyar: na coci, na rajista, na Hindu, na gargajiya da na Musulunci. Ukun farko na mace ɗaya ne tak, don haka mai mata ba shi da ikon zuwa ofishin rajista ya ɗaura wani. Kotun Kadhi, wato kotun Musulunci ta Kenya, tana sauraron shari'ar aure da saki da gado ne kawai idan ɓangarorin biyu Musulmi ne. Ƙasashen Turai kuma ba sa karɓar mutum da mata biyu a takardar zaman iyali. A kan teburi ɗaya za a zauna a yanke inda za a zauna, da addinin da 'ya'ya za su tashi a kai, da fasfon da za su riƙe, tun ana dariya da juna.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganin ɗanmu ya shige cikin Turawa har ya fara taya su gulmar 'yan ƙasa, yau mai aiki ta yi kaza, gobe 'yan Kenya ba su san lokaci ba. In kana karɓar albashin ma'aikacin ƙasa da ƙasa, ka sani abokin aikinka ɗan Kenya da ke tebur ɗaya da kai, wataƙila ya fi ka sanin aikin, albashinsa bai kama ƙafar naka ba, kuma yana kallon wurin da kake zama da rana. Koyi Suwahili ko da na gaisuwa da ciniki ne. Je ka ci nyama choma, wato gasasshen nama, da su. Ranar Juma'a ka leƙa masallacin Jamia da ke titin Banda, ko ka shiga Eastleigh wurin Somalawa, za ka ci karo da 'yan Najeriya da 'yan Nijar, ɗalibai da 'yan kasuwa.

Amfanin wannan yana fitowa ne ranar da aka yi maka rasuwa a gida. Abokanka Turawa za su turo saƙo mai taushi, wata ta aiko da furanni, sannan su ja gefe don a ganinsu mai baƙin ciki kaɗaici yake so. In kana son su zo su zauna da kai, sai ka faɗa da bakinka, kuma za su zo. 'Yan Kenya kuwa ba sai an kira su ba, har karo-karon kuɗin jirgi za su haɗa maka. Haka in ciwo ya kwantar da kai a asibitin Aga Khan da tsakar dare. Don haka idan ofis ya miƙo maka takardar da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru, ka sa sunan mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ba shi da shirin barin garin a watan Yuni.