Me ya sa robar kunun aya da zoɓo ke kumbura tana feso kumfa?

Duk wadda ke sana'ar kunun aya, zoɓo ko lemon citta ta san wannan tashin hankalin, ki ɗura da safe lafiya lau, kafin la'asar roba ta yi tauri kamar dutse, kwastoma na buɗewa sai fuuu kumfa ta wanke masa riga, ga ɗanɗano ya koma tsami-tsami. Wasu har su ce baki ne ko hannu aka sa musu a sana'a. Wallahi ba haka ba ne 'yar'uwa, yis ne kawai ya samu abinci.

Akwai ƙwayoyin yis da bakteriya da ido ba ya gani a jikin aya, dabino, bawon abarba da citta. Da sun samu suga da ɗumi sai su hau ci suna fitar da iskar gas, irin wadda ke tayar da ƙullin fanke, kuma tare da gas ɗin suna fitar da alkohol kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, don robar da ta kwana tana kumbura ta kama hanyar zama giya, bai kamata ki miƙa wa mai azumi ko yaro ba. Turawa masu haɗa giya a gida suga giram 6 zuwa 8 kacal suke sawa a lita ɗaya don samun gas, in ya wuce haka sosai kwalba na iya fashe musu. To ke kuma zoɓon da ya ji suga zai iya kai giram 100 a lita, kin ga ai abincin yis har ya yi yawa.

In robar ta riga ta kumbura kar ki girgiza ta kuma kar ki buɗe da ɗuminta. Ki tsayar da ita a firij ko cikin kula mai ƙanƙara ta yi sanyi sosai, saboda ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas. Sannan ki murɗa murfin kaɗan, ki ji tsss, ki mayar, ki jira kumfar ta kwanta ki sake, a hankali har ta huce. In kwalbar gilashi ce ki rufa mata tawul, ki kawar da fuskarki, gilashi ba ya nuna alama kafin ya fashe, shi ya sa ni dai ban ga amfanin ɗura irin waɗannan a gilashi ba. Wanda ya yi tsami ko yauƙi ko wari a zubar kawai, ƙara suga ba ya gyara shi, ƙara wa yis ɗin abinci kika yi.

Yanzu ta ina yis ɗin yake shigowa? Wuri na farko da zan ce ki duba shi ne injin markaɗe. An markaɗa gasara ko ƙullun waina da ya kwana, an ɗan watsa ruwa, sai a zuba ayarki a kai, to kin ɗebo yis tun kafin ki iso gida. Ki tafi da ruwanki mai tsafta a wanke injin a gabanki, ko ki zama ta farko da sassafe, in da hali ma blanda a gida ta fi. Ayar da aka jiƙa ta kwana cikin zafi ita ma ta fara tsami tun a bokiti, ki canza ruwan jiƙon ki wanke ta sau da yawa. Ƙyallen tata a tafasa shi a shanya a rana. Robobin da ake sayowa an yi amfani da su kuwa, dattin yana maƙalewa ne a zaren murfi, a wanke da sabulu da burushi a kife su bushe.

Ki tace da kyau kuma, har sau biyu. Gari-garin da ke kwanciya a ƙasa shi ne gas ke kamawa ya taso gaba ɗaya lokacin buɗewa. Kar ki cika roba har baki, ki bar kamar yatsa biyu.

Zoɓo ya fi sauƙi don ana dafa shi. Kuskuren da ake yi shi ne a sauke ya huce sannan a zuba ɗanyen bawon abarba ko ɗanyar citta ko a tsinka shi da ruwan da ba a tafasa ba. Ki sa su tun yana wuta, sugan ma ya narke da zafinsa. Kunun aya ne mai wuya, in kika tafasa shi sitacin da ke cikin ayar zai sa ya yi kauri ya koma kamar koko, don haka sanyi ne kaɗai gatansa. Ki markaɗa da ruwan sanyi, ki ɗura, ki kai firiza nan take, kar ya zauna a tsakar gida kina jiran ki gama wanke-wanke. A watan Maris da Afrilu da zafi ke haura 40 a Sakkwato da Maiduguri, awanni kaɗan sun isa ya juya. Ranar da NEPA suka ɗauke wuta kuma ba ki da tabbacin ƙanƙara, ki rage yawan da za ki yi, daidai wanda zai ƙare kafin azahar.