Kurakuran da ɗaliban jarida ke kawo mini kowace shekara

Da zarar jami'o'i da kwalejoji sun sako ɗalibansu zuwa sanin makamar aiki, ɗakin labarai yakan cika da sababbin fuskoki. Fuskokin ne kawai ke sauyawa, kurakuran kuwa suna nan inda na bar su bara. Jan biro na ya gaji, bakina ma ya gaji, shi ya sa na ga gara in rubuta su wuri guda, wanda ya zo sai in miƙa masa.

Babban ciwon shi ne binne labari. Ka tura ɗalibi taro, ya dawo da shafi biyu da suka fara da cewa an gudanar da gagarumin taro a babban ɗakin taro na wuri kaza, wanda ya samu halartar Mai Girma wane, da Mai Martaba wane, da Hajiya wance. Sai addu'ar buɗe taro, sai jawabin maraba, sai jawabin babban baƙo. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini irin wannan daga taron wani asibiti. Ina karantawa ina hamma, sai can kusa da ƙarshe, gab da jawabin godiya, na ga inda shugaban asibitin ya ce maganin saran maciji ya ƙare musu tun farkon damina, kuma manoman da ake kawowa sai dai a ce su nemo a kasuwa. Na ce mata, "Malama, wannan fa?" Ta ce ai a ƙarshen jawabinsa ya faɗa, shi ya sa ta sa shi a ƙarshe. To ina ruwan mai karatu da lokacin da ya faɗa? Mai gabatar da taro ne ke bin jerin ajanda, kai aikinka ka tsamo abin da ya shafi mutane ka ɗora shi a sama.

An koya muku tsarin dala a kife a aji, kun kuma rubuta shi a jarrabawa: mafi muhimmanci a sama, sauran su biyo baya gwargwadon nauyinsu. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Idan fili ya yi kaɗan a shafi, ko mintunan labarai sun ƙure a rediyo, edita daga ƙasa yake datsewa, ba ya tsayawa neman inda ka ɓoye zinariyar. Mai karatu a waya kuma layi biyu yake ba ka kafin yatsansa ya wuce. Tambayoyin nan shida, wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya, ba dole ne a cusa su duka a jimlar farko ba, amma wa da me ba sa jira.

Ni dai maganin da nake bayarwa ɗaya ne. Kafin ka taɓa kwamfuta, zo ka tsaya gabana ka faɗa mini da baki abin da ya faru, a numfashi guda. Babu wanda ya taɓa ce mini "an gudanar da taro". Cewa suke yi, "Malam, ashe maganin maciji ya ƙare a asibiti." Ka je ka rubuta hakan. Akwai editocin da ke ganin wannan wasan yara ne, su suka sani. Wani lokacin ma ba rashin sani ne ke sa a jero sunayen manya ba, ambulan ɗin "kuɗin mota" da aka raba a bakin ƙofa ne ke rubutun. Wannan kuma wata magana ce ta daban.

Na biyu shi ne wanda har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. 'Yan sanda sun yi holin wasu mutane, aka zaunar da su a ƙasa, aka jera babura a gabansu. Wani ɗalibi ya rubuto "an kama ɓarayin babura", ya sa cikakken sunan ɗaya daga cikinsu, da unguwarsu, har da sana'ar mahaifinsa. Ranar ba na kan tebur, labarin ya fita haka. Bayan 'yan makonni kotu ta sallami yaron, ashe gyaran babur yake yi, an kawo masa ne ya duba. Ɗalibin ya riga ya koma makaranta. Ni aka tura gidansu ban haƙuri. Na zauna a zaure, wan yaron ya ajiye mini ruwa a kwanon sha, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, kun wanke shi a layi uku, amma an riga an dawo mana da kayan sa rana." Magana zarar bunu ce. Ban sami abin cewa ba, ruwan ma kasa sha na yi.

Saboda haka ku saurara da kyau. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Kakakin 'yan sanda ba alƙali ba ne, kai kuma da ko takardar kammala karatu ba ka karɓa ba, wa ya naɗa ka? Ka rubuta "'yan sanda sun ce sun kama mutum kaza bisa zargin satar babura". Idan ƙaramin yaro ne, ko wadda aka yi wa fyaɗe, babu suna, babu hoto, babu unguwa. Ku sani kuma ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa a dokokin jihohin Arewa, ga dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka sha tsare 'yan jarida da sashenta na 24 kafin a yi mata gyara a 2024. Kada ka ɗauka "ana zargin" laya ce da za ta kare ka. Wa ke zargin? Idan ba za ka iya faɗa mini sunansa ba, kai ne ke zargin. Haka "majiya mai tushe": in majiyar taka saƙon WhatsApp ce da aka turo zauren 'yan ajinku, ba ta da tushe ba ta da makama. Al'adata ita ce ba na sakin zargi sai an kira ɗaya ɓangaren. Idan bai ɗauka ba, a tura saƙo, a rubuta lokacin kiran a littafi, a kuma faɗa a cikin labarin cewa an neme shi.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutunci. Sanarwar manema labarai da ta zo da Turanci, kada ka bi ta kalma bayan kalma. Karanta ta, kife takardar, ka faɗi ma'anar da Hausar da kakarka za ta gane. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na edita, mutum ɗaya kan karanta wa jama'a a zaure su fahimta, don haka ni duk abin da aka rubuta sai an karanta mini shi a bayyane. Inda harshe ya sarƙe, jimlar ce ba ta da lafiya.

Suna kuwa, miƙa wa mutum littafinka ya rubuta da hannunsa, tare da muƙaminsa da lambar wayarsa. Hakimi ba dagaci ba ne, kwamishina ba babban sakatare ba ne. Miliyan da biliyan sifili uku ne tsakaninsu, ka sa a maimaita maka. Idan an kai hari, 'yan sanda suka faɗi adadin mamata, mutanen gari suka faɗi wani, kawo duka biyun, kowanne da mai shi, kada ka zaɓi wanda ya fi tayar da hankali. "Gagarumin", "ƙasaitaccen", "jajirtaccen gwamna", duk ka bar wa maroƙa. Haruffa masu ƙugiya suna nan a wayarka, saka su, don baki daban baƙi daban. Kada ka rubuta "jiya" a labarin intanet da za a karanta mako mai zuwa, faɗi ranar.

Hoto kuma, in ba kai ka ɗauka ba, kada ka ciro shi daga Facebook don ya yi kama da abin da ya faru. Saka shi a manhajar binciken hoto ta Google ka ga inda ya fara bayyana. Sau da yawa gobarar da aka ce ta kasuwar garinku ce, za ka tarar ta wata ƙasa ce, shekaru da suka wuce. In ka rasa hoton gaskiya, kawo mini labarin haka nan, zan sa taswirar jihar.