Yadda Masunta Za Su Kare Haƙƙinsu Kafin a Datse Kogi

Tun ranar da kuka ga masu awo a bakin ruwa, ku buɗe littafi. Kowane jirgi a rubuta sunan mai shi, yawan taru da mali (tarkon kifi), da kwando nawa na tarwaɗa, karfasa ko giwan ruwa ake kamawa kullum, rani da damina. Sarkin Ruwa ya sa hannu duk mako. Dalili kuwa, Dokar Filaye ta 1978 gini da shuka take biya wa diyya. Kifin da ba a rubuta ba, babu mai lissafa shi.

Dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta binciken illar aikin ga muhalli, kuma ana baje rahoton kwana 21 na aiki. A nan aka fi yin sakaci. Ku sa mai ilimi ya karanta muku shi, ku miƙa ƙorafi a rubuce, ku karɓi kwafi mai hatimi.

Ku dage kan ruwan da za a riƙa saki da damina, domin a fadamar da ambaliya ta shafe kifi ke ƙwai. Mutanen da ke ƙasan madatsun ruwan Kainji da Jebba sun san wannan. Kada kowa ya karɓi kuɗi shi kaɗai.