Ga masu na'urar gwajin barasa a mota

'Yan uwa mazauna Amurka, wannan ga duk wanda kotu ta ɗaura wa motarsa na'urar da sai an hura kafin ta tashi, bayan an kama shi da tuƙi cikin maye. Da yawa sun daina sha gaba ɗaya, amma na'urar ta ƙi su da safe, rahoton kuma ya tafi hukuma.

Na'urar ba ta san daga ina barasa ta fito ba. A jihohi da yawa 0.02 ko 0.025 kawai a ma'aunin barasar jini ya isa ta kulle mota. Ruwan kurkure baki ne ya fi kayar da mutane, wasu nau'in Listerine barasarsu ta haura kashi 20 cikin 100. Sai maganin tari, burodi mai yis da man tsabtace hannu. Mu kuma ga son turare, mutum ya fesa a wuya da riga, ya rufe gilashi, ya hura.

Ka bar minti 15 tsakanin cin wani abu da hurawa, ka kurkure baki da ruwa zalla, ka sauke gilashi. Ajiye gorar ruwa a mota, domin na'urar tana sake neman ka hura kana cikin tafiya.

In ta ƙi ka, don Allah kada ka yi fushi ka tafi. Kurkure, jira, sake hurawa. Barasar baki tana gushewa da sauri, ta jini ba ta yi, kuma gwaji na biyun shi ne shaidarka. Rubuta lokacin da abin da ka ci.

Kada ka bar wani ya hura maka. Na'urorin da yawa suna da kyamara, kuma laifi ne daban.