Haɗa ƙaramar kwamfuta: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen kaya

Wanda ya saba haɗa kwamfuta a babban akwati yakan ɗauka ƙaramar ma duk kanwar ja ce, illa dai kayanta sun fi ƙanƙanta. Ba haka abin yake ba. A babban akwati, idan ka yi kuskuren awo, sarari zai rufa maka asiri. A akwatin da bai kai lita 20 ba kuwa, wanda shi ne masu wannan harka ke kira ƙarami, milimita uku kacal ta isa ta hana murfi rufuwa. Ga shi mu nan yawancin waɗannan kayan oda ake yi daga waje, a yi makonni ana jira, idan kuma abu ya zo bai shiga ba, mayar da shi sai wanda ya gani. Shi ya sa rula da takarda su ne kayan aikin farko, kafin sukudireba.

Kuskuren da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne sayen katin hoto (katin da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo) da farko, sannan a tafi neman akwatin da zai ɗauke shi. Ko waɗanda suka duba awo ma, galibi tsawo kaɗai suke dubawa. Su ga an rubuta akwatin Cooler Master NR200 na ɗaukar kati mai tsawon milimita 330, Fractal Terra na ɗaukar 322, katinsu kuma 310 ne, sai su ce shi ke nan. Alhali kati awo uku gare shi: tsawo, kauri da faɗi. Ana ƙirga kauri da yawan gurbin da yake cinyewa a bayan akwati, kowane gurbi ɗaya milimita 20 da ɗoriya ne. Akwati irin Dan A4-SFX, mai lita 7 da 'yan kai, gurbi biyu yake da shi, katunan zamani kuwa da yawa suna cinye uku ko fiye. Kada kuma sunan kati ya ruɗe ka. RTX 4070 na wannan kamfani daban, na wancan daban; injin ciki ɗaya ne amma rigar da fankokin kowa da nasa girman. Awon ainihin samfurin da za ka saya za ka nema a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ba awon dangin katin ba.

Faɗin shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, domin ba katin kaɗai ake aunawa ba, har da wayar wutar da ke fitowa daga gefensa. Tun da aka fito da katin RTX 4090 a 2022 da sabon soket ɗin wuta mai ƙafa 16, aka yi ta samun rahoton narkewar bakin waya, kuma babban abin da aka ɗora wa laifi shi ne rashin tura wayar har ƙarshe. A ƙaramin akwati haɗarin ya fi yawa, saboda mutum zai lanƙwasa wayar dab da bakinta, ya danne ta da murfi, ita kuma ta ɗan zame ba tare da ya sani ba. Ka tura ta har ka ji ta ce ƙas, ka bar mata sarari kamar faɗin yatsu biyu kafin ta fara lanƙwasa. Idan murfi sai an danna yake rufuwa, to katin bai shiga ba, ko da ido ya ce ya shiga. A 2024 kamfanin Nvidia ya fitar da ma'aunin katunan da ya ce sun dace da ƙananan akwatuna: tsawo kada ya wuce milimita 304, kauri 50, faɗi 151 har da lanƙwasar waya. Yana rage wahala, amma bai ɗauke maka aikin awo ba.

Akwai wani tarko a akwatunan da ake jera kaya baya da baya, modabod (babban faifan da ake soka sauran kayan a kansa) a gefe ɗaya, katin hoto a ɗaya gefen, da bango a tsakani. A Terra ana iya matsar da wannan bangon. Takardarsa za ta ce yana ɗaukar na'urar sanyaya furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai tsayin milimita 77, ta kuma ce yana ɗaukar kati mai kauri. Duka gaskiya ne, amma ba a lokaci guda ba. Duk milimitar da ka ƙara wa kati, daga wurin na'urar sanyayawa ka ɗebo ta, har ta iya sauka zuwa 48. Ba a gudu ana susar takashi. Sai ka zaɓi wanda za ka fifita tun kafin ka biya kuɗin ko ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga zafi, wanda a ganina a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. Mutum zai kalli bidiyon wani Bature ya sa furosesa mai ƙarfi a akwatin lita 10, ya ga lambobin zafi lafiya lau, sai ya kwaikwaya. Ya manta cewa a ɗaki mai sanyi aka yi gwajin, wajen digiri 22 ko makamancin haka. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, a watan Afrilu zafin gari kan haura digiri 40, kuma fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take turawa. Duk digirin da ɗakinka ya ɗara nasa, kusan haka zai hau kan furosesarka. Ka ɗora Core i9-14900K na Intel, wanda kan ja har wat 253, a ƙarƙashin 'yar na'urar sanyayawa irin Noctua NH-L9i mai tsayin milimita 37, to ka sayi doki ka ɗaure masa ƙafa: zai yi zafi, ya rage gudu da kansa, fankar kuma ta yi ta ihu. Furosesa mai wat 65, irin Ryzen 5 7600, za ta fi ba ka kwanciyar hankali a irin wannan wuri. Idan ka riga ka sayi mai cin wuta, ba a rasa gyara ba. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin modabod da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka rage mata iyakar wutar da za ta ja. A Ryzen akwai Eco Mode, a Intel ana saita iyakar wat da hannu. Abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne idan aka gwada da zafin da zai sauka.

Murfin gilashi kuma, duk da kyansa, ka bar wa masu na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Mai ƙananan huji ya fi. Sai dai shi ma yana da nasa haraji: da hunturu ƙura za ta cika shi, don haka sai ka riƙa buɗewa kana hurewa akai-akai, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Na'urar raba wuta, wadda ke ba kayan cikin kwamfuta wuta, ita ma kala-kala ce. Ta babban akwati, ATX, faɗinta milimita 150 ne, ba ta shiga yawancin ƙananan. SFX ita ce tasu: 125 a faɗi, 63.5 a kauri, 100 a tsawo. Akwai 'yar'uwarta SFX-L da ta fi ta tsawo da milimita 30, kuma wannan 30 ɗin sau da yawa wurin da wayoyi za su lanƙwasa ne, ko wurin wutsiyar katin hoto. Idan akwati ya ce yana karɓar duka biyun, ni SFX nake zaɓa. Abu ɗaya kuma da ba na wasa da shi: wayoyin da ake cirewa a mayar na wata na'ura ba a sa wa wata, ko da bakin ya shiga daidai, ko da kamfani ɗaya ne ya yi su. Jeren wutar da ke ciki yakan bambanta, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙona maka faifan ajiya ko modabod. Mai amfani da inbata ko UPS kuma ya tabbata nasa mai fitar da tsabtatacciyar wuta ne irin ta layi, domin wasu na'urorin raba wuta na zamani sukan yi ƙara ko su mutu nan take idan aka juya su kan wutar inbata mai araha.

Shi modabod ɗin ƙananan akwatuna, Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya fito da tsarinsa a 2001, milimita 170 ne kowane gefe, don haka komai a ƙididdige yake. Gurbin RAM biyu ne, ba huɗu ba. Wanda ya sayi 8GB biyu da niyyar ƙarawa gaba, sai dai ya cire ya sayar. RAM irin DDR4 da irin DDR5 ba sa shiga gurbin juna. Modabod mai gurbin furosesa AM5 na AMD DDR5 kaɗai ya sani, shi kuwa mai LGA1700 na Intel akwai mai wannan akwai mai wancan, sai ka karanta da kyau. RAM mai dogon kai da fitilu yakan tokare na'urar sanyayawa mai faɗi irin NH-L12S, gajere shi ne lafiya. Ka ƙirga soket ɗin fanka ma, don ba su da yawa.

Saura wayar nan mai faɗi da ake kira riser, wadda ke haɗa katin hoto da modabod a akwatunan baya da baya. Idan ta tsohon ma'aunin gurbin kati ce, PCIe 3.0, katin da modabod kuma na 4.0 ne, sai a kunna kwamfuta fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Da yawa a nan suke yanke cewa an sayar musu da mataccen kati. Lafiyarsa ƙalau. Ka soka katin kai-tsaye a modabod, ka shiga BIOS ka saita gurbin a kan Gen 3, wato 3.0 ɗin, sannan ka mayar da wayar.

Wannan ma dalili ne na fara haɗa komai a waje. Ka ɗora modabod a kan kwalinsa, ka sa furosesa, RAM, faifan ajiya na M.2 da katin hoto, ka kunna ka ga hoto ya fito. Idan akwai gurbin M.2 a bayan modabod, yanzu ne lokacin sa shi, don a akwatuna da yawa bayan an ɗaure ba ka sake ganin wurin. Wayar wutar furosesa mai ƙafa 8 da ke can kusurwar sama ita ma ka soka ta tun modabod yana hannunka, domin da zarar na'urar sanyayawa ta zauna a cikin akwati, yatsa ba zai kai wurin ba sai an sake kwance komai.